Wa ke da ikon miƙa wa bishop sanda?

Masu saurare barkanmu da warhaka. Yau sharhin namu zai koma Turai ne, can baya, watan Janairun 1077, bakin ƙofar wata ganuwa da ake kira Kanosa a arewacin Italiya. Sarkin Jamus Henri na huɗu, saurayi ɗan shekara 26, yana tsaye ba takalmi cikin dusar ƙanƙara, sanye da rigar ulu mai kaushi irin ta masu tuba, kwana uku yana sintiri a ƙofar nan yana roƙon a buɗe masa. Wanda ke ciki kuwa Fafaroma ne, Giregori na bakwai. To me ya yi zafi haka? Zobe da sanda fa, shi ke nan.

A wancan zamanin idan bishop ya mutu sarki ne ke ɗaukar zobe da sandar nan mai lanƙwasa kamar kwagiri ya miƙa wa wanda ya ga dama. Mu da muka saba ganin gwamna na miƙa wa sarki sandar girma ba sai an yi mana dogon bayani ba, hannun da ya ba ka sanda shi za ka riƙa kallo. Kuma bishop na lokacin ba wa'azi kaɗai ne aikinsa ba, yana da gonaki da garuruwa, yana karɓar kuɗin kasuwa, yana yanke shari'a, idan yaƙi ya tashi ya tura wa sarki mahaya. Ga shi ba ya barin ɗan halak da zai ce gado, yana mutuwa kujera ta dawo hannun sarki. Wane sarki ne zai saki wannan garaɓasa da daɗin rai? Daga nan ne cinikin muƙami ya samu gindin zama, mai kuɗi ya kai gaisuwa ya dawo da sanda.

Amma asali ba haka tsarin yake ba. Tsohuwar ƙa'idar ita ce limamai da jama'ar gari su zaɓi bishop ɗinsu. A Milan a shekarar 374 jama'a ne suka yi ta kiran sunan Amburos, gwamnan yankin da ya zo kwantar da rikicin zaɓe, mutumin da ko baftisma ba a yi masa ba a lokacin, cikin mako guda aka yi masa komai ya zama bishop.

A Milan ɗin dai wutar ta sake tashi. Tun wajen 1057 talakawan birnin da wasu ƙananan limamai suka kafa wani yunƙuri da ake kira Patariya, suka ce ba za su ƙara halartar sujadar limamin da ya sayi muƙami ko ya ajiye mace ba. Rum ta mara musu baya, har aka ba jagoransu Erlembaldo tuta, shi kuwa ba limami ba ne, mayaƙi ne. An kashe shi a 1075, kuma a shekarar ne Henri ya naɗa nasa babban bishop a Milan, ya yi kunnen uwar shegu da gargaɗin Rum. A shekarar ne kuma aka rubuta jumloli 27 a kundin Giregori, ciki har da cewa Fafaroma na da ikon tuɓe sarki.

Janairun 1076 Henri ya tara bishop-bishop ɗinsa a garin Worms na Jamus suka ce Giregori ya sauka. Shi kuma Giregori bai yi wata-wata ba, ya kori Henri daga coci ya ce duk wanda ya yi masa mubaya'a an sauke masa ita. Hakiman Jamus da dama can suna jiran ƙiris suka ce idan shekara ta cika bai wanke kansa ba za su nemi wani. Abin da ya sa ya ƙetare tsaunukan Alps da matarsa da ɗan ƙaramin ɗansa a tsakiyar hunturu ke nan. Ni a ganina dabara ce ya yi, don ya san limami ba ya iya korar mai tuba daga ƙofa. An yafe masa, amma ba a daɗe ba aka koma gidan jiya, 1080 aka sake korarsa, 1084 ya shiga Rum da yaƙi ya ɗora nasa Fafaroman, Giregori ya rasu yana gudun hijira a Salerno a 1085.

Sai 1122 aka yi sulhu, a Worms ɗin nan dai, tsakanin ɗan Henri na huɗu, wato Henri na biyar, da Fafaroma Kalistus na biyu. Sarki ya haƙura da zobe da sandar coci, amma a Jamus a gabansa za a yi zaɓe, kuma shi zai danƙa wa bishop filaye da ikon mulki da sandar sarauta. Kowa ya samu na sawa a baki.

Wanda na ke tambayar makomarsa shi ne talakan Milan da ya ƙaurace wa sujada ya sha duka. An yi ta cewa a cire hannun waɗanda ba limamai ba daga harkar coci, ana nufin sarakuna, to amma tsintsiyar ta haɗa har da shi. Tun 1059 aka mayar da zaɓen Fafaroma hannun kadinal-kadinal, wato manyan limaman cocin Rum, jama'ar Rum sai dai su ce amin. Zuwa babban taron shugabannin coci na Lateran da aka yi a Rum a 1215, zaɓen bishop ma ya zama aikin limaman babbar cocin gari, su shiga ɗaki su rufe, su fito su faɗa wa mutanen da ke tsaye a waje sunan da suka tsayar.