Amsoshin Tambayoyinku: Idan Kare Ya Ji Rauni

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙun wannan makon sun taru a kan raunin da karnuka kan ji da yadda ake jinyarsu, kuma likitan dabbobin da ya saba zama da mu yana nan tare da ni. Likita, barka da zuwa. Lokacinmu kaɗan ne, wasiƙun kuwa da yawa, saboda haka zan roƙe ka da ka riƙe linzami yau.

Likita: Barka kadai, Malam. Zan yi ƙoƙari, ko da yake ban yi alkawari ba.

Mai gabatarwa: Wani mai sauraro daga Gusau ya ce karensa yana yini yana lasar ciwon da ke ƙafarsa, kuma dattawan unguwarsu sun ce a ƙyale shi, domin harshen kare shi ne maganinsa.

Likita: Allah ya ƙara wa dattawa girma, amma bakin kare cike yake da ƙwayoyin cuta, kuma yawan lasa yana hana miki bushewa, har ma yakan tsinke ɗinki. Ya sami ƙaramin bokitin roba, ya yanke gindinsa, ya goge kaifin, ya zura kan karen a ciki ya ɗaure a jikin abin wuyansa, ta yadda zai iya ci da sha amma bakinsa ba zai kai ga ciwon ba.

Mai gabatarwa: Wata Hajiya daga Damagaram tana tambaya ko za ta iya ba karen gadinsu maganin ciwon jiki irin wanda take sha, domin kukansa ya hana su barci.

Likita: Kada ta ba shi. Ibuprofen da diclofenac suna ƙwaƙule cikin kare har ya yi kashin jini, suna kuma lalata ƙoda, farasitamol kuwa idan ya wuce kima yakan illata hanta. Karnuka suna da nasu maganin zogin, likitan dabbobi ne zai auna shi gwargwadon nauyin karen.

Mai gabatarwa: Hajiya, kin ji, maganinki naki ne ke kaɗai. Yanzu ga wasiƙar da zan ba lokaci, domin irinta ta zo mana daga wurare da dama. Wani mafarauci daga Ningi ya ce gadu ya farke wa karensa cinya a daji, abokan farautarsa suka zuba wa wurin baƙin mai, bayan kwana huɗu sai wari ya tashi, da ya leƙa sai ya ga tsutsotsi suna motsi a cikin naman. Yanzu wasu sun ce ya ɗiga fiya-fiya don ya kashe su. Likita, kafin ka yi magana bari in faɗi tawa. Malam mafarauci, wannan kare da shi kake cin abinci, shi ya shiga tsakaninka da haƙoran gadu, amma ladansa shi ne man da bakanike ya zubar daga injin?

Likita: Ka riga ni, Malam. Baƙin mai yana ɗauke da dattin ƙarfe da guba, yana ƙona naman da ke son tsirowa, kuma yana rufe ƙazanta a ciki ta yadda ciwon zai riƙa ruɓewa daga ƙasa. Fiya-fiya kuwa ta fi shi muni, domin tana ratsa fata ta shiga jini, karen ya fara dalalar da miyau yana karkarwa, sau da yawa ya mutu kafin tsutsar ta mutu. Haka fetur da kananzir da ruwan batir da toka, duk kada a kusantar da su ga miki.

Abin da ya kamata a yi tun ranar farko shi ne a fara ɗaure bakin karen, domin kare mai jin zafi yakan ciji ubangidansa. A zagaya tsumma mai tsawo a bakinsa, a ƙulla a ƙarƙashin haɓa, a ja zuwa bayan kunnuwa a ɗaure, sai dai idan yana amai ko numfashi yana yi masa wuya, nan ba a ɗaurewa. Idan jini yana zuba, a danna wurin da tsumma mai tsabta na kamar minti 5 ba tare da ana ɗagawa ana leƙawa ba. Idan ya tsaya, a aske gashin da ke kewaye, sannan a wanke da ruwan gishiri. Ma'aunin shi ne ƙaramin cokalin shayi ɗaya na gishiri a cikin rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce.

Mai gabatarwa: Rabin lita, wato gwargwadon ledar fiya-wata guda. Bari in maimaita don wanda ya tashi ɗauko biro: cokalin shayi ɗaya na gishiri, ruwa leda ɗaya wanda aka tafasa ya huce.

Likita: Haka ne. A zuƙa da sirinji marar allura a riƙa fesawa da ƙarfi har sai ƙasa da gashi sun fita. Idan akwai aidin, a sirka shi da ruwa har ya yi kalar ruwan shayi marar kauri, kada kuma a zuba sifirit a cikin buɗaɗɗen nama. Raunin da ya yi baki kamar na gadu yana bukatar ɗinki, ɗinkin kuwa ya fi kamawa idan an kai karen asibiti cikin kamar awa 6. Na mai tambayarmu ya wuce nan, don haka ba za a rufe shi yanzu ba. Zai ɗauki hantsaki ya tsince tsutsotsin ɗaya bayan ɗaya, ya wanke wurin safe da yamma, ya ajiye karen a ɗaki mai tsabta inda ƙuda ba ya shiga, domin a lokacin zafi ƙwan ƙuda yakan ƙyanƙyashe cikin kwana guda. Sannan lallai ya kai shi ofishin dabbobi, saboda akwai tsutsotsin da suka yi rami inda hantsaki ba zai kai ba, akwai mataccen naman da sai an yanke, ga kuma allurar kashe ƙwayoyin cuta.

Mai gabatarwa: Ga wata makamanciya daga Kafanchan: 'yan kwikwiyonsa sun yi ƙuraje masu ɗan rami a tsakiya, da ya matsa ɗaya sai farar tsutsa ta fito.

Likita: Wannan daban ce. Wani ƙuda ne da Turawa ke kira tumbu, wanda ke zuba ƙwai a cikin yashin da fitsari ko kashi ya jiƙa, idan kwikwiyo ya kwanta sai tsutsar ta huda lafiyayyar fata ta shige. Ta wannan ramin take numfashi, saboda haka a toshe shi da basilin, bayan ɗan lokaci za ta leƙo, a matso ta a hankali kada ta fashe a ciki, a wanke da ruwan gishirin nan. Idan bai sauya musu makwanci ba, zai sake gani.

Mai gabatarwa: Wani malamin makaranta daga Maraɗi ya ce baƙon kare ya shigo ya ciji nasa a wuya, hujin biyu ne kawai ƙanana. Sau nawa zai riƙa sauya bandeji?

Likita: Ka san, Malam, tun 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 allurar ciwon haukan kare a birnin Paris, yaron kuma ya rayu. Shi ya sa ake tunawa da wannan cuta duk ranar 28 ga Satumba, ranar da Pasteur ya rasu. Mu nan kuma muna da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, kuma har yau tana sarrafa rigakafin dabbobi. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa kimanin mutum 59,000 ne ke mutuwa da cutar kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya.

Mai gabatarwa: Likita, linzamin ya kuɓuce. Bandeji aka tambaye ka.

Likita: Ina sane, amma bandejin shi ne ƙaramin abu a wasiƙarsa. Cizo yakan yi ɗan baki a waje alhali haƙori ya yaga nama a ciki, bayan kwana biyu ko uku ya kumbura ya tara mugunya, don haka ba a cika rufe shi ba, wankewa ake yi kullum. Babbar maganar ita ce ba a san lafiyar karen da ya yi cizon ba. Ya sa safar hannu ko leda kafin ya taɓa wurin, ya wanke da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, ya tsare karensa nesa da yara, ya je ofishin dabbobi yau da katin rigakafinsa. Idan an kama wancan karen, akan tsare shi kwana 10 a ga ko zai nuna alama. Idan kuma shi malamin ya samu ko da ƙarzuna ce wajen raba faɗan, ya yi wannan wankin na minti 15 ya wuce asibiti, kada ya jira, domin da zarar alamun cutar sun bayyana kusan babu mai tashi. Rigakafin kare kuwa ana fara shi ne yana ɗan wata 3, ana sabuntawa duk shekara.

Mai gabatarwa: Minti 15, da sabulu, ga kare ga mutum. Na faɗa sau biyu, wanda bai ji ba ya tambayi maƙwabcinsa. Mai kula da na'ura yana ta nuna mini agogo, don haka ga ta ƙarshe a taƙaice. Wani daga Zariya ya ce ƙuda sun cinye bakin kunnuwan karensa har suna jini.

Likita: Ya jiƙa ɓawon da ruwan ɗumi ya goge, ya shafa man korar ƙuda na dabbobi kowace safiya, ya kuma matsar da karen daga kusa da turken awaki, domin a cikin taki ƙudan suke haihuwa. Tun da yake a Zariya yake, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Samaru.

Mai gabatarwa: Mun gode, Likita. Mai sauraronmu na Kumasi da ya yi tambaya a kan karen da mota ta buge ya karye, ka yi haƙuri, da wasiƙarka za mu buɗe filin mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Kafin nan ka hana shi tafiya, kada kuma ka ja ƙafar da niyyar ɗori, ka ɗauke shi a kan faifan katako ka kai shi wurin likita.