La Orotava, Garin Da Ruwa Ke Niƙa Hatsi Tun Daga Kan Tudu

Assalamu alaikum warahmatullah. Na can baya kuna ji na? To madalla. Abu huɗu na yi niyyar taɓowa a kan garin La Orotava, in lokaci ya bari, don na ga shugaban taro tun yanzu ya fara duban agogo.

Na farko, ina garin yake? Yana arewacin tsibirin Tenerife, cikin tsibiran Kanari, mallakin Sifaniya ne amma in ka buɗe taswira za ka ga kusa da gaɓar Maroko suke, Madrid kuwa tana can nesa. Sifaniyawa sun gama cin tsibirin da yaƙi a 1496 ƙarƙashin Alonso Fernández de Lugo, suka raba ƙasar kwarin Orotava tsakanin waɗanda suka yi yaƙin da waɗanda suka zuba kuɗi, aka dasa rake, aka kawo bayi. Daga baya rake ya faɗi, inabi ya karɓa, ana loda giya a tashar jirgin ruwa da ke ƙasan garin, wadda yau ake kira Puerto de la Cruz, zuwa Ingila. Kuɗin nan ne ya gina manyan gidajen da ake zuwa kallo. A 1648 sarki Felipe na huɗu ya ba garin 'yancin kansa daga La Laguna, babban birnin tsibirin a lokacin.

Na biyu, kuma nan ne zan daɗe, ku yi haƙuri, shi ne ruwa. Garin a jikin gangara yake, gangara ta gaske, wadda in ka taho da takalmi mai santsi sai ka raina kanka. Alhaji da ke gaba yana dariya, wallahi gwiwa ce ke biyan kuɗin yawon nan. To mutum zai ce me ya kai su gini a wuri haka? Ruwa ne. Akwai idanun ruwa can sama wajen Aguamansa, sai suka jawo shi ta magudanar katako ya ratso tsakiyar gari daga sama har ƙasa, suka jera gidajen niƙa sama da goma a kan hanyarsa, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Kowane gida yana da wata hasumiya, ruwa ya zubo ta samanta ya cika ta, nauyinsa ya sa ya fito ta ƙasa da ƙarfi ya bugi wili, wilin ya juya dutsen niƙa. Kun gane? Ruwan bai ƙare ba fa, yana fita sai ya gangara gidan niƙa na gaba ya sake aiki, na gaba ma haka, mata su yi wanki da shi a wuraren da aka gina musu, sannan ya wuce gonaki. Ruwa ɗaya, ba fetur ba gas, gangarar ce injin. Ni a ganina wannan ya fi duk barandojin garin abin kallo, amma masu yawon buɗe ido sai su wuce hasumiyoyin nan ko waiwaye ba sa yi, suna neman inda za su ɗauki hoto.

Me ake niƙawa? Gofiyo. A soya hatsi tukuna, alkama ko masara, sannan a niƙa. Wasu su zuba a madara da safe, wasu a romon kifi, wasu su kwaɓa da zuma su dunƙula, wanda ya san dakuwa ba zai yi baƙunta ba. Har yau akwai gidajen da ke niƙa a garin, sai dai da lantarki, kuma tun daga bakin titi ƙamshin soyayyen hatsi zai gaya maka ka iso.

Na uku... ko na huɗu ne? Bari in haɗa su. Casa de los Balcones, gidan barandoji na ƙarni na 17, an sassaƙa shi da zuciyar itacen fayin na tsibirin, katako mai ƙaro da ƙwari ba sa iya ci. Cocin Concepción an gina ta tsakanin 1768 da 1788 bayan girgizar ƙasa ta lalata wadda ta gabace ta. Sai bikin Kiristoci na Corpus Christi wajen watan Yuni, su shimfiɗa furanni a tituna, a filin gaban majalisar gari kuma su zana ƙaton hoto da yashi kala-kala da suke ɗebowa daga wajen dutsen Teide, mai tsayin mita sama da 3,700, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Sifaniya. Makonni ana aikin, rana ɗaya a taka a wuce.

Na'am, Hajiya, a miƙa mata makirfo.

"Malam, kafin Turawan nan su zo, ba kowa ne a wurin?"

Allah ya saka da alheri Hajiya, ai da kowa. Guanche ake kiransu, kuma asalinsu Barbar ne na Arewacin Afirka, dangin su Buzayenmu ta fuskar harshe, binciken jini da ragowar kalmominsu duk sun nuna haka. Makiyayan awaki ne, da yawansu a kogo suke zama, kuma kwarin nan shi ne masarautar Taoro, ta sarkinsu Bencomo, wanda a 1494 ya yi wa rundunar Lugo kaca-kaca a Acentejo har sai da Lugo ya bar tsibirin ya sake shiri. Da ya dawo, ga dawakai ga annoba ta kama Guanche, aka ci su, wasu aka sayar bayi, sauran suka karɓi Kiristanci suka narke cikin baƙin. Gofiyon ma nasu ne, da sha'ir suke yi a dutsen niƙa na hannu, masara sai daga baya ta zo daga Amurka. Shugaba ya ɗaga min hannu, an kusa kiran la'asar, sauran tambayoyin a rubuto a takarda a ba yaran nan.