Amsoshin Tambayoyinku: Me Ke Jefa Ma'aikacin Gidan Caca Cikin Caca?

Masu sauraro, assalamu alaikum. Wasiƙar yau daga wata baiwar Allah ce a Jos. Ta ce ƙanenta yana aiki a shagon cacar ƙwallo, kullum a gabansa mutane ke tafka asara, amma yanzu albashinsa can yake ƙarewa. Tana tambaya: wanda ya san cikin abu, ya za a yi ya faɗa masa?

To 'yar'uwa, ba ƙanenki kaɗai ba ne. Binciken da Howard Shaffer na Jami'ar Harvard ya fitar a 1999 ya nuna cutar caca ta fi kama ma'aikatan gidajen caca na Amurka fiye da sauran jama'a.

Sanin nan da kike magana a kai, shi ne tarkon. Mutum ya yini yana buga wa wasu tikiti, sai zuciya ta raya masa cewa ya gano lagon wasan. A 1975 Ellen Langer, masaniyar halayyar ɗan Adam, ta ba da rahoton gwajin da aka yi da ma'aikatan ofis, inda aka sayar musu da tikitin caca kan dala 1. Wasu suka zaɓa da kansu, wasu aka miƙa musu. Da aka nemi su sayar, masu zaɓe suka nemi kusan dala 9, sauran kusan dala 2, alhali damar ci ɗaya ce.

Sannan wanda aka cinye shiru yake sulalewa. Wanda ya ci kuwa, ƙanenki ne ke ƙirga masa kuɗi ana ta ihu, kuma wannan ne ke zauna masa a rai. Ga tikitin da wasa ɗaya ya ɓata, a ce "saura ƙiris". Luke Clark, lokacin yana Jami'ar Kambrij, ya nuna a 2009 cewa irin wannan saura ƙiris yana motsa ɓangaren ƙwaƙwalwar da ci na gaskiya ke motsawa. A haɗa da aikin dare, da gajiya, da abokan da duk 'yan shago ne.

Shi ya sa Makawo, cibiyar caca ta ƙasar Sin, ta hana ma'aikatan gidajen cacarta shiga zauren wasa bayan tashi daga aiki tun Disamba 2019, in ban da kwana 3 na farkon sabuwar shekarar Sinawa.

Don Allah kada ki kunyata shi a gaban dangi, kunya ƙara ɓoyo take sawa. Amma ki daina biya masa bashi. Ku zauna ku biyu, ya amince wani amintacce ya riƙe masa albashi, ku nemi likitan ƙwaƙwalwa, kuma a fara nema masa wani aikin tun yanzu.