Darasin Lambu: Shuka Karambola Daga Iri

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filinmu na lambu. Yau zancen karambola za mu yi, itacen nan da idan ka yanka ɗansa a kwance sai ka ga tauraro mai tsini biyar. Asalinsa kudu maso gabashin Asiya ne, wajajen Malesiya da Indunusiya.

To, ka sami nunanne wanda ya yi ruwan ɗorawa sosai. Ka ciro irin, ka zaɓi masu ƙiba, ka zubar da shafaffun. Ka wanke santsin jikinsu, ka shuka a ranar ko washegari. Don Allah kada ka shanya ka ajiye kamar irin kuɓewa! Yana bushewa ya mutu ke nan. A leda za ka sa, ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki, zurfin santimita 1, a inuwa, kada ƙasar ta bushe. Cikin mako 1 zuwa 3 zai ɓullo. Da dare ganyen kan naɗe, ɗabi'arsa ce, ba cuta ba.

Ga inda nake so ku saurara da kyau. Iri 10 daga ɗa guda, kowanne da halinsa. Ƙudan zuma ke kwaso garin fure daga wata bishiyar, don haka uwa mai zaƙi tana iya haifar mai tsamin da zai kashe maka haƙori. Wani ya yi tsawo, wani ya tsugune, wani ya ƙi 'ya'ya da yawa. Kuma sai ka jira shekara 4 zuwa 6 kafin ka ɗanɗana. Shi ya sa masu gonar kasuwa suke yi masa aure, kamar yadda muke yi wa mangwaro, ya fara 'ya'ya cikin shekara 1 ko 2.

Amma ni ban raina na iri ba. Nau'in karambolar da ake kira Arkin, wanda ya fi kowanne yawa a gonakin Fulorida ta Amurka, daga iri aka tsince shi. Ka shuka da yawa, wanda ya yi zaƙi ka yanki reshensa ka aura wa sauran.

Iskar hunturu tana wahalar da shi, ka yi masa shinge. Sannan mai ciwon ƙoda kada ya sha karambola ko kaɗan, gubar da ke cikinta tana taruwa a jikinsa, har ta kai ga rasa rai.