Littattafan da Mutuwa Ke Zaune a Cikinsu Tun Shafin Farko

[Hoto: gadar kogin Kaduna da yamma, motoci da keke napep suna wucewa]

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Daga nan garin Kaduna muke gaishe ku.

Yau a kan wani rukunin littattafai za mu tsaya, irin waɗanda tun ba a yi nisa ba marubuci zai sanar da kai cewa ɗaya daga cikin masoyan nan biyu ba zai ga ƙarshen labari ba. Ko likita ya faɗa, ko ciwon ya nuna kansa. Kai mai karatu ka sani, su ma sun sani, amma ka kasa ajiye littafin. Matan aure a Tudun Wada da Rigasa suna saurarensu a YouTube suna tsintar wake, 'yan makaranta suna bin su a Wattpad da zaurukan WhatsApp har dare ya raba, da safe a tashi da kumburarrun idanu. To me ke cikinsu haka?

A littafin soyayyar da muka saba, tambayar guda ce: za a yi auren ko ba za a yi ba? Ga Alhajin da iyaye suka fi so, ga uwar miji, ga kishiya da bokanta. Duk waɗannan ana iya shawo kansu, ko a kai ƙara wurin kawu, ko gaskiya ta yi halinta. Mutuwa kuwa ba a kai ƙararta wurin kowa. Da ta shigo, tambayar ta koma: da ɗan lokacin da ya rage, me mutanen nan za su yi? Wa za su nemi gafararsa? Wa zai tsaya, wa zai sulale? Kuma tsakaninsu da Mahaliccinsu, yaya za a ƙare?

Turawa suna da irin wannan rubutu da yawa. Wanda aka fi sani shi ne A Walk to Remember na Nicholas Sparks, ɗan Amurka, wanda ya fito a 1999, aka mai da shi fim a 2002. Wani matashi ne da bai ɗauki rayuwa da muhimmanci ba ya faɗa son 'yar wani limamin coci, yarinya mai riƙo da addini, daga baya ya gano tana fama da sankarar jini. Ya aure ta yana sane da halin da take ciki, kuma zaman da ya yi da ita ya sauya shi. Marubucin ya bayyana cewa rayuwar ƙanwarsa, wadda sankara ta yi ajalinta a 2000, ita ce ta sa shi rubuta labarin.

Ku lura da fasalin: mutum ya fara ba ruwansa da addini, ya ƙare yana addu'a. A can wannan tafiya ce da mai karatu zai gane nan take, domin cikin maƙwabtansa akwai waɗanda ba su yarda da komai ba. A wurinmu kuwa abin ba haka yake ba, kuma nan ne marubutanmu masu kwaikwayo suke tuntuɓe. Jarumin littafin Hausa ya yi makarantar allo ko Islamiyya, yana zuwa Juma'a, ya haddace abin da ake faɗa idan an yi rasuwa. Idan Kirista ne daga Sabon Tasha ko Barnawa, tun yana yaro yake zuwa sujada, ya san Zabura ta 23. Ba a rasa imani ba balle a je nemansa. Abin da ake nema shi ne imanin ya sauko daga fatar baki ya shiga zuciya.

Kowa ya iya cewa "haƙuri za a yi, mutuwa rigar kowa ce" idan a gidan maƙwabci aka shimfiɗa tabarmi. Ranar da takardar gwaji ta fito da sunan matarka, ko sunanka, a ranar ake gane ko maganar nan taka ce ko ta aro. A ganina, littafin da ya iya nuna wannan ratar, tsakanin abin da mutum yake furtawa da abin da yake ji idan ya rage shi kaɗai bayan sallar isha'i, shi ne ya yi aikinsa. Sauran duk ado ne.

[Hoto: tsofaffin littattafan Hausa jere a kan tebur]

Kuma kada wani ya ce daga waje muka koyo zancen. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar da ta haifar da ƙagaggun littattafan Hausa na farko a boko. Cikinsu akwai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya. An sace yaro, ya tashi a hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim, ya zama malami. Mahaifiyarsa ta bar komai ta bi sawunsa, ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi, ta sha wuyar da ba ta faɗuwa. Da Allah ya haɗa su, ba ta daɗe ba ta cika. Babu saurayi da budurwa a nan, amma ga ƙauna, ga mutuwa, ga mutumin da ya karɓi ƙaddara ba tare da labarin ya yi masa rangwame ba. Tafawa Ɓalewa bai tausaya wa mai karatu ya bar uwar da rai ba, shi ya sa har yau wanda ya karanta bai manta da ita ba.

Kafin boko ma, waƙa ce take ɗauke da wannan nauyi. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta rubuta marsiyyoyi ga mijinta Waziri Giɗaɗo da ɗan'uwanta Muhammadu Bello da aminiyarta A'isha. Malama ce ta gaske, amma ba ta ɓoye cewa rashin ya yi mata ciwo ba. A nan kusa da mu, Zariya, Aliyu Namangi ya bar mana Imfiraji, wadda iyayenmu suka tashi suna jin makafi da almajirai suna rerawa, cike da tunatarwa kan kabari da ranar tsayuwa. Wato kunnen Bahaushe ya daɗe da sabawa da a yi masa zancen mutuwa cikin fasaha. Abin da ƙagaggen labari ya ƙaro shi ne fuska da suna: ba "ɗan'adam" gaba ɗaya ba, wance 'yar gidan wane, mai shekara kaza, wadda aka sa ranarta bayan Babbar Sallah.

To amma mu faɗi gaskiya, tun da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa a tsakiyar shekarun 1980 zuwa wannan zamani na rubutu a waya, mutuwa a yawancin littattafanmu 'yar aiken marubuci ce. Idan labari ya cushe, uwargida ta hana ruwa gudu, sai a ɗora ta a mota a hanyar Kaduna zuwa Zariya, taya ta fashe, shi ke nan an share wa amarya fili. Idan muguwa ce, sai a kwantar da ita a gadon asibiti ta tona wa kanta asiri, ta lissafo duk asirin da ta binne, ta ce a yafe mata, rai ya yi halinsa. Mai karatu ya ce "Allah ya ƙara", a wuce. Wannan hukunci ne marubuci ya yanke, kuma ya ari rigar Mala'ikan mutuwa ya zartar.

Akwai ma matsala ta fuskar addini. Hadisi ya nuna Allah yana karɓar tuban bawa matuƙar bai kai ga gargara ba. Marubucin da kullum yake ajiye tuba sai a numfashin ƙarshe, ko ya sani ko bai sani ba, yana koya wa matasa cewa akwai sauran lokaci.

Sai kuma ciwon kansa. A littafi, jaruma za ta yi tari ta ga jini a hankici, likita ya cire tabarau ya ce saura wata uku, amma har babi na ƙarshe tana nan da kyanta, gashi har gadon baya. Daga nan a fita da ita Indiya ko Masar, a dawo a ce ashe kuskuren gwaji ne. Duk wanda ya taɓa jinyar mai sankara ko mai ciwon ƙoda, idan ya karanta wannan sai ransa ya sosu. Maganin sankara yana zubar da gashi, yana sa amai, yana hana cin abinci. Mai wankin ƙoda sau biyu ko uku ake so ya je a mako, kowane zuwa da kuɗinsa, har a kai ga sayar da fili da kayan ɗaki.

[Hoto: fulas, kwanon sha, darduma a naɗe a gefen gado]

Kuma a nan ne soyayyar take, wadda ake tsallakewa. Mu mutane ne masu kunya. Akwai magidancin da zai shekara 30 da matarsa bai taɓa furta mata kalmar so a gaban kowa ba, ko sunanta ba ya kira. Ku shiga kowane babban asibiti a garin nan bayan magariba ku ga irinsa. Ya zo da fulas ɗin ruwan zafi da kunun gyada a leda, ya zauna a bakin gado yana fifita kunun da murfin kwano. Ta sha cokali biyu ta kawar da kai, ya ce, "Haba Hajiya, daure ki ƙara ko ɗaya ne, magani ba ya zama a cikin da ba komai." Ta ce, "Malam, ka je gida ka huta, yaran nan suna nan." Ya ce to, amma bai tafi ba. Ya fita waje yana kiran 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya, ana neman leda biyu ta jini kafin safiya. Marubucin da ya iya rubuta wannan daren bai da buƙatar baitin waƙar soyayya ko ɗaya.

Haka batun kuka. Wasu marubutan suna ganin mai imani ba ya karaya, sai su ƙera mana jarumi kamar dutse, ana faɗa masa rasuwa ya yi salati ya ci gaba da harkarsa. Alhali ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake barin duniya, Annabi ya zubar da hawaye, ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Shekarar da Nana Khadija ta rasu, shekarar baƙin ciki ake kiranta a tarihi, kuma bayan rasuwarta yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayenta da naman. Jarumin da ya yi kuka, ya kasa barci, ya ɗaga hannu ya rasa abin da zai roƙa, sannan gari ya waye ya tashi ya yi alwala, ya fi kusa da wannan koyi.

Wani fili da aka bari a banza shi ne bayan an dawo daga maƙabarta. Yawancin littattafai a nan suke rufewa, ko su yi tsalle su ce "bayan shekara biyar". Ga takaba kuwa, wata huɗu da kwana goma kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara, mace tana zaune a ɗaki, 'yan gaisuwa sun watse, an fara zancen gado, dangin miji kowa da abin da ya ƙudurta. Mariama Ba 'yar Senegal a kan wannan zaman ta gina littafinta na 1979, wanda da yawa suka karanta a sakandare da sunan So Long a Letter. Ramatoulaye tana takabar mijin da ya yi watsi da ita da 'ya'ya 12 ya auri ƙawar 'yarsu, tana rubuta wa aminiyarta wasiƙa. Tana cika abin da addini ya ɗora mata, tana jin haushinsa, kuma ba ta daina tuna son da ta yi masa ba, duk a lokaci guda. Da ɗan'uwan mamacin ya zo da maganar aure, ta wanke shi tas. Wace unguwa ce a Kaduna babu irin wannan matar?

Sai sikila, wadda ta fi kowane ciwo shiga tsakanin masoya a ƙasar nan, domin Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan jariran da ake haifa da ita. Idan mai AS, wato mai ɗauke da ƙwayar ciwon ba tare da yana fama da shi ba, ya auri mai AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai SS, wato mai sikila. Kowane ciki fa, ba wai cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne kawai zai ɗauka ba, wannan kuskuren har a littattafai ana yin sa. A 2024 jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na genotype, wanda ke nuna ko mutum AS ne ko SS. Ku duba irin labarin da ke nan: an kai kuɗin gaisuwa, an fara haɗa lefe, sakamako ya fito. Shi yana cewa a dogara ga Allah, ita kuwa ta taso tana ganin ƙaninta yana murƙususu cikin dare saboda ciwon ƙashi. Wane ne mai tawakkali a cikinsu, wanda ya ce a yi ko wadda ta ce a fasa? Ba amsa mai sauƙi, kuma littafin kirki ba zai yi gaggawar ba da ita ba.

Mu a Kaduna muna da wani ƙari. Tun rikicin 2000 garin ya rabu, da yawan Musulmi suka tattara arewacin kogi, Kiristoci suka koma kudanci. Amma ɗakin jinya bai san wannan rabon ba. Gadon Hajiya daga Kawo yana jikin gadon Mama daga Kakuri, 'ya'yansu suna aron fulas da cajar waya, wannan ta fita sallah waccan ta duba mata ƙarin ruwa, dukansu da Hausa suke yi wa juna sannu, dukansu sun san labarin haƙurin Ayuba. Idan ɗaya ta riga ɗaya, ana tsallaka gada a je gaisuwa. Ga bukukuwan littattafai ana yi a garin nan, ga gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 tana fito da sababbin marubuta mata kowace shekara. Alƙaluma ba su yi ƙaranci ba, kuma wannan ɗakin jinyar kaɗai ya isa littafi guda, daga ranar da aka ba da gado zuwa ranar sadakar bakwai.

A shiri na gaba za mu duba yadda marubuta suke rubuta likitoci da malaman jinya, da abin da ma'aikatan asibiti suke cewa idan sun karanta. Sai mun haɗu, a huta lafiya.