Ka karanta kwamfuta kuma kana son kaki? Duba ƙofar da za ka shiga

Duk lokacin da aka buɗe ɗaukar sojoji, tambaya ɗaya matasa ke ta aiko mana: wai wanda ya karanta kwamfuta ko injiniya, in ya shiga soja, shi ke nan ya binne karatunsa?

Ƙofofin shiga ba ɗaya ba ne. Akwai ta kurata a Defo na Zariya, da takardar sakandare ake shiga. Akwai kuma NDA, makarantar horar da hafsoshi a Kaduna, wadda aka kafa a 1964, inda matashi ke karatu ya fito da digiri da muƙamin hafsa. Waɗannan biyu kowa ya san su.

To, ga inda ake ruɗewa. Akwai ƙofar da ake kira DSSC, an tanade ta ne domin wanda ya riga ya gama jami'a, ya yi hidimar ƙasa, yana da sana'a a hannu. Likita, lauya, injiniya, masanin kwamfuta. Saboda sana'ar tasa ake ɗaukarsa, a ba shi horon soja, ya fito hafsa, a tura shi sashen da ke buƙatar ilminsa. Kada ku haɗa ta da SSC. Ita ma mai digiri take ɗauka, amma hafsan fagen daga take horarwa. Harafi ɗaya ne ya raba sunayensu, aikin kuwa ya sha bamban. A kula: mai D ita ce ta sana'a.

Abin da ke ci mini rai shi ne ganin mai digiri ya ajiye takardarsa ya tafi kurtu saboda gaggawar samun albashi, da tunanin daga baya a gyara. Gyaran nan ba ya zuwa da sauƙi, ɗan'uwa.

Kuma aikin yana nan. A 2018 sojan ƙasa suka kafa rundunar yaƙi ta intanet. A shekarar ce kuma sojan sama suka ƙaddamar da Tsaigumi a Kaduna, jirgin nan marar matuƙi. Wa zai sarrafa irinsa in ba yaran da suka tashi da waya a hannu ba? A ganina, kamata ya yi hafsoshi su riƙa shiga jami'o'i suna faɗin haka da bakinsu.

Kafin ka cike fom ɗin DSSC, karanta jerin fannonin da aka nema a sanarwar bana, domin suna sauyawa. In babu naka, ka jira zagaye na gaba.