Fodkas ɗin Bayan Fage: Ashe Indiya Ba Bombay Kaɗai Ba Ce

Habu: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau hirar bikin fina-finai na Kolkata, babban birnin jihar Bengal ta Yamma a Indiya, za mu yi, Zainab tun da ta shigo take harara ta.

Zainab: Ba dole in harare ka ba Yaya Habu, ka ce in kalli fim ɗin Bengali kafin shiri, na zauna awa guda cur ina jiran waƙa, ba rawa ba faɗa, ko bos babu, mata biyu ne kawai a kicin suna yanka kifi suna magana ƙasa-ƙasa. Wallahi barci ya kwashe ni.

Malam Tukur: Haka suke ai. Mu da muka taso a silima komai sai mu ce fim ɗin Indiya, alhali na Bombay ne kawai muke gani, na harshen Hindi. Su Bengal tasu masana'antar daban, a unguwar Tollygunge take cikin Kolkata, shi ya sa ake ce mata Tollywood. Kuma can Bangaladash ma da yaren suke fim.

Habu: To shi bikin a 1995 aka fara shi, duk shekara ake yi, galibi wajen ƙarshenta, cibiyarsa wani gidan silima na gwamnatin jiha mai suna Nandan, wanda shahararren daraktan fim Satyajit Ray ya buɗe a 1985. Daga 2011, da Mamata Banerjee ta zama shugabar gwamnatin jihar, abin ya koma na kowa da kowa, buɗewa ma a Netaji Indoor Stadium aka riƙa yi, su Amitabh Bachchan da Shah Rukh Khan sun sha zuwa.

Zainab: Yauwa, yanzu ka fara magana! Me ya kai su Shah Rukh wurin masu yanka kifi?

Malam Tukur: Ke dai Zainabu. Amitabh ai surukinsu ne, matarsa Jaya 'yar Bengal ce. Rani Mukerji tasu ce, mahaifin Kajol nasu ne. Mithun da muka riƙa kwaikwayon rawarsa muna yara, kin san fim ɗinsa na farko na darakta Mrinal Sen ne a 1976, ba ko ɗigon disko a ciki, kuma da shi ya ci kyautar gwarzon jarumi ta ƙasa. Devdas ɗin nan da kika sha kuka a kai, littafin Bengali ne na 1917.

Zainab: Kai Malam, ka tona min asiri a iska.

Habu: Ni abin da ya fi kama ni a bikin ba jan kafet ba ne. Akwai babbar kyauta ta damisar zinare ta Bengal, akwai gasar fina-finan Bengali na yanzu, inda daraktoci irin su Kaushik Ganguly da Srijit Mukherji suke tashe a garin, amma akwai wani ɓangare da suka ware wa fina-finan ƙananan harsuna, yaren da ko ɗan Delhi sai an rubuta masa fassara a ƙasa. Mutum ya yi fim a ƙauyensu da kuɗin aljihunsa, ya ga an haska shi a babban allo mutane sun yi layi.

Malam Tukur: Shi Ray ɗin ma haka ya fara. Fim ɗinsa Pather Panchali na 1955, kuɗi suka ƙare har sai da aka jinginar da gwala-gwalan matarsa, daga baya gwamnatin jiha ta ƙarasa masa. Akwai inda yara biyu ke gudu cikin dogayen ciyayi don su ga jirgin ƙasa, kusan ba a ce uffan ba, amma har yau in na ji kukan jirgi sai na tuna.

Zainab: To masu fassara mana zuwa Hausa me za su faɗa a nan? Ai za su rasa ta cewa.

Habu: Sai su huta! Ke dai koma ki ƙarasa na kifin, mako mai zuwa ke za ki buɗe mana shiri da shi.

Zainab: In an sa waƙa ko ɗaya ce, na ji.